Babi na Biyu: Alkawuran Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya da Ba a Kai wa Kotu

Duk ranar da aka rantsar da shugaban ƙasa, ko gwamna, ko ɗan majalisa a Nijeriya, akwai wata jimla a cikin rantsuwar da takan wuce ba wanda ya tsaya a kanta. Mai karɓar mulki yakan ce zai yi iya ƙoƙarinsa wajen kiyaye manyan manufofi da ƙa'idojin tafiyar da mulki da ke cikin kundin tsarin mulkin ƙasa. Jama'a na tafi, ana busa kakaki, sai a shiga wata sabgar. Waɗannan manufofi da ake rantsuwa a kansu su ne Babi na Biyu na kundin 1999, daga sashe na 13 zuwa na 24, kuma wanda ya karanta shi karon farko zai rantse wata ƙasa ake nufi ba wadda yake zaune a ciki ba.

Kafin a kai ga babin, kundin ya fara kafa turakunsa. Sashe na 1 ya ce kundin ne gaba da kowace doka, duk wadda ta ci karo da shi ta faɗi gwargwadon inda ta saɓa masa, kuma ba wanda zai karɓi mulki ta wata hanya da ba shi ya tanada ba. Sashe na 2 ya ce Nijeriya ƙasa ɗaya ce da ba za a raba ba, tarayya ce ta jihohi da babban birnin tarayya. Sashe na 4 da na 5 da na 6 suka raba iko gida uku: majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta fassara ta yanke hukunci. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Duk waɗannan ana iya kai ƙara a kansu, kuma an sha kaiwa.

Babi na Biyu shi ne ya amsa tambayar da ta fi waɗancan nauyi a wurin talaka: wannan iko da aka raba, don me aka raba shi?

Sashe na 14 ya ce ƙasar za ta ginu ne a kan dimokuraɗiyya da adalcin zamantakewa, cewa mulki na jama'a ne, daga wurinsu gwamnati ke samun ikonta, kuma tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. A nan ne kuma aka sa tsarin raba daidai, don kada wata jiha ko ƙabila ta mamaye muƙamai. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati kawar da cin hanci da amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, har ma ya nemi ta ƙarfafa auratayya tsakanin mutanen da suka bambanta a addini ko ƙabila ko harshe. Sashe na 16 kuwa, wanda ya shafi tattalin arziki, ya hana a tafiyar da al'amura ta yadda dukiya za ta taru a hannun 'yan tsiraru, sannan ya lissafa abin da ake so kowane ɗan ƙasa ya samu: muhalli mai kyau, wadataccen abinci, mafi ƙarancin albashin da zai riƙe mutum, fansho da kula da tsofaffi, tallafi ga marasa aikin yi da marasa lafiya da masu naƙasa. Sashe na 17 ya yi maganar asibitoci da albashi iri ɗaya ga aiki iri ɗaya da kare yara daga ci da guminsu. Sashe na 18 ya yi alkawarin ilimi kyauta daga firamare har jami'a, da yaƙi da jahilci ga manya, amma ya ɗaura masa sharaɗin cewa sai lokacin da hali ya yi. Sauran sassan sun taɓo hulɗa da ƙasashen waje, kare ƙasa da ruwa da iska, al'adu, aikin 'yan jarida na bin diddigin gwamnati, ɗabi'un ƙasa, da nauyin da ke kan ɗan ƙasa.

Sashe na 13 ya buɗe babin da cewa wajibi ne a kan duk wani mai riƙe da iko, ɗan majalisa ne ko minista ko alƙali, ya bi waɗannan tanade-tanade ya aiwatar da su. To amma tun kafin mai karatu ya iso nan, an riga an rufe ƙofa a sashe na 6(6)(c), inda aka ce ikon kotuna bai kai ga sauraron ƙorafin cewa wani aiki, ko rashin yin wani aiki, ko wata doka, sun saɓa wa Babi na Biyu ba. Wato wajibi ne, amma babu alƙalin da zai tambayi wanda ya ƙi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bambancin ya fi fitowa idan aka ajiye shi kusa da Babi na Huɗu, sashe na 33 zuwa na 46, inda aka jera 'yancin rayuwa, mutunci, walwala, shari'ar adalci, addini, faɗin albarkacin baki, taro da zirga-zirga. Idan 'yan sanda suka tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 46 ya ba shi damar zuwa babbar kotu, kuma yana iya fitowa da diyya. Idan kuwa ƙauyensu ya shekara ashirin ba asibiti, ko manoman wani yanki na Zamfara ko Katsina suna biyan 'yan bindiga haraji kafin su girbe amfanin gonarsu, ba zai iya ɗaukar sashe na 14 ko na 17 shi kaɗai ya kai wa alƙali ba. Lauyan gwamnati zai miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi, kuma yawanci a nan magana ke mutuwa.

Daga ina aka samo wannan tsari?

Ba Nijeriya ce ta ƙirƙiro shi ba. Ƙasar Ayalan ta sa irinsa a kundinta na 1937, Indiya ta ɗauko daga can ta faɗaɗa shi a kundin da ya fara aiki a 1950, inda sashe na 37 ya faɗa ƙarara cewa kotu ba za ta tilasta waɗannan ƙa'idoji ba ko da yake su ne ginshiƙin mulkin ƙasa. Kundin Nijeriya na 1960 da na 1963 ba su da irin wannan babi. 'Yancin ɗan Adam kawai suke da shi, wanda aka sa bisa shawarar hukumar Willink da ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu gab da samun mulkin kai.

Babin ya shigo ne ta hannun kwamitin rubuta kundin tsarin mulki mai mutum 49 da Janar Murtala Muhammed ya kafa a watan Oktoban 1975 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Hujjar mafi rinjayen 'yan kwamitin ita ce, ilimi da asibiti da muhalli abubuwa ne da ke cin kuɗi, kuma ba alƙali ke riƙe da baitulmali ba; idan aka bar kotu tana umartar gwamnati ta gina kaza ta ciyar da wane, za a yi ta karo tsakanin ɓangarorin gwamnati, a kuma cika kotuna da hukunce-hukuncen da ba za su aiwatu ba. Mutum biyu a kwamitin, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dokta Segun Osoba na Ife, ba su yarda da alkiblar daftarin ba, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye, wanda ya nemi a mai da buƙatun rayuwar talaka haƙƙi na gaske. Gwamnatin soja ta ajiye shi gefe. Abin da ya shiga kundin 1979 shi ne ra'ayin masu rinjaye, kuma da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da kundin 1999 ta dokar soja mai lamba 24, kusan kwafo babin aka yi.

Gwajin farko a kotu ya zo ta inda ba a zata ba, domin gwamnati ce ta nemi fakewa da babin. Gwamnatin Lateef Jakande ta Legas, mai tutiyar ilimi kyauta, ta fitar da takardar da za ta soke makarantun firamare masu zaman kansu, tana kafa hujja da nauyin da sashe na 18 ya ɗora mata. Babban limamin Katolika na Legas, Anthony Okogie, da wasu suka garzaya kotu. A 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ƙarƙashin Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ta ce ba za a yi amfani da Babi na Biyu a danne 'yancin da ke Babi na Huɗu ba, kuma mai hukunta wanda ya saɓa wa manufofin ba kotu ba ce, majalisa ce ko masu zaɓe. Wannan fahimta ita ce ta zauna a zukatan lauyoyi shekaru da dama, har wasu suka ɗauki babin a matsayin romon baka kawai.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Sai dai sashe na 6(6)(c) bai rufe ruf ba. A cikinsa akwai togaciya: sai dai in kundin ya tanadi akasin haka a wani wuri. Kuma ya tanada. A jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, abu na 60(a) ya ba ta ikon kafa hukumomin da za su tabbatar da bin manufofin Babi na Biyu. Ma'ana, alkawarin da ke babin yana kwance ne har ranar da majalisa ta ɗauke shi ta mai da shi doka. Daga ranar, kotu na da hurumi, domin dokar take fassarawa.

An gwada wannan a 2002. Gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da dokar shekarar 2000, jihar Ondo ta kai ƙara Kotun Ƙoli tana cewa tarayya ba ta da ikon yin dokar cin hanci da za ta hau kan jami'an jihohi. Kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, ta haɗa sashe na 15(5) da abu na 60(a) ta tabbatar da dokar, in ban da 'yan sassa kaɗan da ta soke. Duk wanda ICPC ta gurfanar tun daga lokacin, da igiyar Babi na Biyu aka ɗaure shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka tsarin raba daidai. Yana cikin sashe na 14, amma ba a bar shi nan kaɗai ba: sashe na 147(3) ya wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, sashe na 153 kuma ya kafa hukumar da ke sa ido a kan rabon guraben aiki. Abin lura a nan, kuma ba na jin bisa kuskure ne, shi ne cewa a duk alkawuran babin, wanda ya shafi rabon muƙamai tsakanin manya shi ne aka fi ɗaure wa gindi tun daga cikin kundin. Na abinci da asibiti aka ce su jira. Haka ma sashe na 24 da ya ce ɗan ƙasa ya bayyana abin da yake samu ya biya haraji a kan lokaci. Wannan bai taɓa rasa dokoki da jami'an da za su tilasta shi ba.

A fannin ilimi an yi dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce kowane yaro zai yi shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Har hukunci ta tanada ga iyayen da suka ƙi kai yaro makaranta: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari a karo na biyu. A 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta LEDAP ta shigar, ta ce da wannan doka ilimin matakin farko ya zama haƙƙin da ake iya nema a kotu. A fannin lafiya akwai dokar 2014 da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 don kiwon lafiya a matakin farko. Mafi ƙarancin albashi ma doka ce ke riƙe da shi, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024.

Akwai ƙofa ta biyu. Nijeriya ta mai da Yarjejeniyar Afirka kan 'Yancin Ɗan Adam dokar cikin gida a 1983, kuma wannan yarjejeniya ba ta ware ilimi da lafiya daga sauran haƙƙoƙi ba. A shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi ta shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta ce kotunan Nijeriya za su yi aiki da ita, tana sama da dokokin yau da kullum amma tana ƙasa da kundin tsarin mulki. Da wannan ne ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta kai Nijeriya Kotun ECOWAS, wato kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a kan ilimi. Gwamnati ta zo da tsohuwar hujjarta ta rashin hurumi, kotun ta yi watsi da ita a 2009, sannan a 2010 ta yanke cewa kowane yaron Nijeriya na da haƙƙin ilimin farko kyauta.

Ƙofa ta uku ta alƙalai ce, wato faɗaɗa ma'anar 'yancin rayuwa. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke, a ƙarar Jonah Gbemre, cewa ƙona iskar gas a yankinsu na Neja Delta tauye 'yancin rayuwa ne da mutunci. Hanyar Indiya ke nan, kuma can ta yi nisa: a 1993 Kotun Ƙolinsu ta ce ilimin yaro har shekara 14 wani ɓangare ne na 'yancin rayuwa, a 2002 majalisa ta gyara kundin ta mai da shi cikakken haƙƙi, a 2009 ta yi masa doka.

To me ya sa ba a gani a ƙasa?

Nan ne nake ganin masu cewa a soke sashe na 6(6)(c) kawai komai ya daidaita suna sauƙaƙa lamarin fiye da kima. Ilimin farko ya riga ya sami doka, ya sami hukuncin kotun gida, ya sami na kotun yanki. Duk da haka ƙididdigar UNICEF ta daɗe tana nuna yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, kuma shekara da shekaru ana ba da rahoton biliyoyin naira na kwance a UBEC saboda jihohi sun kasa kawo kasonsu. Ba rashin hurumi ne ya hana waɗannan yara shiga aji ba. Wanda ya ci nasara a kan gwamnati a kotu ma sai ya sake wani yaƙin kafin ya ga amfanin hukuncin, domin dokar da ta tsara aiwatar da hukunci ta ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar antoni janar, wato lauyan wanda aka kayar. Gas ɗin da kotun Benin ta haramta bai daina ci ba.

Amma su ma masu kare tsarin, hujjarsu ta rashin kuɗi ta tsufa. Afirka ta Kudu ta sa muhalli da lafiya da abinci da ruwa a cikin haƙƙoƙin kundinta na 1996, kuma kotunta ba ta ƙwace kasafin kuɗi daga hannun gwamnati ba. Abin da take tambaya shi ne ko matakin da gwamnati ta ɗauka mai ma'ana ne daidai da abin da ke hannunta. Da wannan ma'auni ta ce shirin gidaje ya yi watsi da waɗanda suka fi kowa galabaita a shari'ar Grootboom ta 2000, da shi ne kuma a 2002 ta umarci a faɗaɗa ba da maganin da ke hana uwa sa wa jariri cutar ƙanjamau. Kenya ta bi sahu a kundinta na 2010. Ghana tana da babi irin namu a kundin 1992, amma ta wajabta wa shugaban ƙasa ya riƙa kai wa majalisa rahoto aƙalla sau ɗaya a shekara kan abin da ya yi don cika manufofin, kuma a 2008 Kotun Ƙolinta ta ce asali ana ɗaukar babin a matsayin abin da ake iya kaiwa kotu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ta talauce saboda alƙali ya ce gwamnati ta zo ta yi bayani.

A ganina amfanin buɗe ƙofar kotu ke nan: ba alƙali zai gina asibiti ba, amma zai sa kwamishina ya zo ya rantse ya nuna takarda, ya faɗi nawa aka ware, nawa aka saki, ina ya tafi. Sharaɗin nan na sai hali ya yi, a yanzu gwamnati ce ke yanke wa kanta ko halin ya yi, ba tare da ta nuna wa kowa lissafi ba. Shi ya sa kundin da ya yi alkawarin jami'a kyauta yake zaune lafiya da dokar ba ɗalibai bashin karatu ta 2024, ba wanda ya ga saɓani, ko kuma an gani an kau da kai.

Su kuwa masu zaɓe da Mamman Nasir ya ce su ne alƙalai, kundin ya ɗan ba su abin riƙewa. Sashe na 224 ya ce manufofin kowace jam'iyya dole su dace da Babi na Biyu, sashe na 22 ya ba 'yan jarida aikin bin diddigi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowa damar neman takardun gwamnati. Sai dai alƙalin da ba ya zama sai bayan shekara huɗu, wanda kuma mai laifin ke kai wa taliya da atamfa ana jibi shari'a, ba a cika jin tsoron hukuncinsa ba.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan jerin gyare-gyaren kundin, ciki har da wanda ya ɗora wa gwamnati tabbatar da haƙƙin abinci da wadatarsa. An yi murna, amma a Babi na Biyu aka ajiye shi, ƙarƙashin inuwar sashe na 6(6)(c) kamar sauran. Sashe na 9 ya nuna dalilin da ya sa hakan ya fi sauƙi: gyara na yau da kullum na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, amma taɓa Babi na Huɗu sai an sami kashi huɗu cikin biyar na sanatoci da na 'yan majalisar wakilai. Ko ta wace hanya aka bi, sai an ratsa ta majalisun jihohi, waɗanda galibi ba sa motsi sai da yardar gwamnoni, kuma gwamnonin ne za a fi maka wa ƙara a kan firamare da asibitin karkara idan gyaran ya wuce.